Sarkin Musulmi Bello Da Ganyen Filasko

  

Sa'ad da editan wannan mujalla tamu ya aiko mini da saƙo cewa ni ne zan cike filin tarihi a wannan fitowa, na san abin da yake tsammani shi ne labarin yaƙe-yaƙe da jerin sunayen sarakuna, irin wanda muka haddace don cin jarrabawa. To, sarkin dai zan kawo, amma da alƙalami a hannunsa. Zan yi magana ne a kan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, wanda yake kwance a Wurno, da aikin da ya yi a fannin magunguna, musamman wani ɗan littafi da ya rubuta a kan ganye guda ɗaya tak. Wannan ganye Larabawa suna ce masa sana, 'yan kasuwa suna ce masa sanamakki, mu kuwa a ƙauye mun fi sanin ɗan'uwansa da yake fitowa a bayan gari, watau filasko. Ni ba likita ba ne, ma'aikacin gwamnati ne mai fama da fayil, saboda haka ya kamata in fara da faɗin abin da ya kai ni gonar da ba tawa ba.

Ina da gwaggo a Goronyo, ta haura shekara sittin, wadda ta daɗe tana fama da ciwon zuciya da kumburin ƙafa. Likita ya ɗora ta a kan ƙwayoyi iri biyu, ɗaya mai ƙarfafa bugun zuciya da ake kira digoxin, ɗaya kuma mai sa fitsari don rage ruwan da yake taruwa a jiki, kuma ta yi shekaru tana sha lafiya lau. Da daminar 2022 sai jiki ya rikice. Ta daina cin abinci, ga amai, ga kasala har ba ta iya tsayuwar salla, tana kuma cewa duk abin da ta duba sai ta gan shi rawaya-rawaya. Muka ɗauko ta muka kawo ta asibiti a Sakkwato. Da aka auna jininta sai aka tarar wani gishirin jiki da ake kira fotashiyam ya yi ƙasa ƙwarai. Likitar da ta duba ta ta tambaye ta ko akwai wani magani da take sha ban da waɗannan biyu, ta ce sam babu. Sai a rana ta biyu matar ɗanta ta fito da wata baƙar leda cike da busasshen ganye, ta ce wannan ne Gwaggo take dafawa, cikin hannu guda, tana sha kowane dare kusan wata huɗu, tun da wata maƙwabciya ta ce mata basir ne yake damunta.

Na ce, “Haba Gwaggo, ai an tambaye ki kin ce ba ki shan komai.” Ta dube ni ta ce, “Ɗana, wanga ai ba magani na ba, ganye na. Kuma sunna ta.” Allah cikin ikonSa ta tashi bayan kwana tara. Amma maganar nan tata ta zauna mini a rai, ita ce kuma ta tuna mini wani abu da ya faru muna aji uku.

Waɗanda muka yi aji tare za su tuna ranar da malaminmu na tarihi ya kwashe mu a motar makaranta zuwa Wurno ziyarar hubbaren Bello. Da muka fito ya tara mu a inuwa ya ce kowa ya faɗi abin da ya sani game da mai wannan kabari. Wani ya ce shi ya gina Sakkwato a 1809, wani ya ce shi ya rubuta Infaƙul Maisuri, wani ya ce shi ya ci yaƙin Gawakuke a 1836. Malam ya ce duk haka ne, amma mun bar guda ɗaya, Bello masanin magani ne. A gaskiya ba wanda ya kula a cikinmu, don hankalinmu yana wajen rake da tafarnuwar da za mu saya mu kai gida tsaraba. Allah Ya saka wa Malam da alheri, ga shi sai bayan shekara goma sha wani abu maganarsa ta yi tsiro.

An haifi Muhammadu Bello a 1781, ya zama Sarkin Musulmi bayan rasuwar Shehu a 1817, ya kuma rasu a Wurno a 1837. Shekaru ashirin ɗin nan da ya yi yana mulki ba na hutu ba ne. Gobirawa suna kawo hari daga arewa maso gabas ta kwarin gulbin Rima, shi ya sa ya kafa garuruwan ribaɗi a wannan yanki namu, ya zaunar da jama'a a cikinsu suna noma suna tsaron iyaka. Ya zauna a Magariya, daga baya ya gina Wurno ya mai da ita mazauninsa. Shinaka ta ƙasar Goronyo da Gandi ta ƙasar Rabah duk suna cikin waɗannan garuruwa. Duk wanda ya taɓa yin damina a bakin fadamar Rima ya san abin da yake biyo bayan tara mutane da yawa wuri ɗaya kusa da ruwa: zazzaɓi, atini, tsutsar ciki, ciwon ido. Shugaban da ya ɗebo makiyaya da manoma ya ce su zauna cikin ganuwa, lafiyarsu ta hau wuyansa. A ganina wannan yana daga cikin dalilan da suka sa, a cikin littattafai fiye da ɗari da ya rubuta, ya keɓe wasu ga magani.

Ba shi kaɗai ba ne a gidansu. Baffansa Abdullahin Gwandu ya rubuta Masalihul Insan, wanda ya haɗa gyaran addini da gyaran jiki, ƙanwarsa Nana Asma'u kuma ta rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839 a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Amma Bello ya ɗara su yawan rubutu a wannan fanni, kuma ya bi wata hanya dabam. Ban da littattafan da ya tattara abin da ya zo a hadisai game da magani, ya riƙa ɗaukar cuta guda ɗaya ya yi mata littafi nata na kanta. Akwai Al-Ƙaulul Manthur a kan magungunan basir, akwai Tanbihul Ikhwan a kan magungunan tsutsar ciki, akwai wanda ya yi a kan ciwon ido, akwai kuma wanda ya kawo mu, Al-Ƙaulus Sana, a kan ganyen sana. Wani masanin tarihi ɗan Sudan mai suna Isma'il Abdalla ya nazarci waɗannan littattafai a cikin wani littafi da ya fito a 1997 game da Musulunci da magani a Nijeriya ta Arewa, inda ya nuna cewa Bello bai tsaya ga abin da ya zo a hadisi kaɗai ba, ya ɗebo daga ilimin likitocin Larabawa da suka gina a kan na Yunanawa. Farfesa Mukhtar Umar Bunza na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo shi ma ya yi rubuce-rubuce a kansu.

Shaidar da ta fi burge ni game da ƙishirwar Bello ga wannan ilimi daga bakin baƙo ta fito. A watan Maris na 1824 wani Baturen Birtaniya, Kyaftin Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato, Waziri Giɗaɗo ya sauke shi. Sun taso daga Barno ne tare da wani likita mai suna Oudney, amma likitan ya mutu a hanya kusa da Katagum a watan Janairu na wannan shekara. Clapperton ya rubuta cewa Bello ya nuna baƙin cikinsa da wannan mutuwa, don ya so ƙwarai ya ga likitan Turawa wanda zai koya wa jama'arsa aikin magani. Da baƙon zai koma, cikin abin da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita. Mai karatu ya lura, wannan mutum ne da ya karanta littattafan magani na Larabci har ya rubuta nasa, duk da haka bai ɗauka cewa ilimin ya ƙare a kansa ba.

An kuwa aiko. Da Clapperton ya sake tasowa a 1825, wannan karo ta bakin teku, an haɗo shi da likitoci biyu, Morrison da Dickson. Morrison ya mutu 'yan makonni bayan sun bar Badagiri, Dickson kuwa ya bi ta Dahomi ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Abin da ya iso Sakkwato a 1826 shi ne littattafai. Cikin kyaututtukan da baƙon ya miƙa akwai littafin lissafi na Iƙlidis da littafin Ibn Sina, duka da Larabci. Clapperton ya ce ya shiga wata safiya ya tarar da Bello zaune da littafin Iƙlidis a gabansa, ya kuma gaya masa cewa dā suna da kwafinsa da wani ɗan'uwansu ya kawo daga Makka, gobara ta cinye. Shi kansa Clapperton ciwon ciki da zazzaɓi suka kashe shi a Sakkwato a watan Afrilu na 1827. Likitoci uku ke nan aka nufo da su wajen Bello, ba wanda ya iso.

To, bari mu dawo ga ganyen. Sana itaciya ce ƙarama mai rawayar fure da 'ya'ya faffaɗa kamar kwasfar wake. Irin da ake fatauci da shi a duniya yana fitowa ne a Sudan da Masar da Hijaz da Indiya, shi ya sa aka jingina shi ga Makka aka ce sanamakki. Filaskon da yake fitowa a jigawar ƙasarmu ɗan'uwansa ne na kusa, aikinsu ɗaya, sai dai bai kai shi ƙarfi ba. Tafasa da rai-ɗore ma danginsu ne. Likitocin Yunanawa na dā ba su san shi ba, likitocin Larabawa ne suka shigar da shi cikin littattafan magani tun wajen ƙarni na 9, daga gare su ya shiga Turai, har sunan da Turawa suke kiransa da shi daga Larabci aka aro. A tsarin likitocin nan na dā, wanda yake auna komai da zafi da sanyi da danshi da bushewa, an sa shi cikin masu zafi da bushewa kaɗan, an kuma yabe shi da cewa yana wanke ciki ba tare da ya wahalar da mai sha ba kamar sauran magungunan wankin ciki.

Gwaggo ba ta yi ƙarya ba da ta ce sunna ne. Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi Asma'u 'yar Umais abin da take wanke ciki da shi, ta ambaci wani tsiro da ake kira shubrum, ya nuna mata cewa wannan yana da zafi da tsanani, da ta koma ga sana kuwa ya yabe shi yabo mai yawa. Amma a duba hadisin da kyau. Magana ce ta kwatanta magani biyu, a bar mai tsanani a ɗauki mai sauƙi, kuma a kan wankin ciki ne, wanda akan yi sa'ad da bukata ta taso. Ba a ce a mai da shi shayin kowane dare ba.

Cikakken sunan littafin Bello da kansa darasi ne, domin yana cewa bayani ne a kan hanyoyin tausasa ciki da hanyoyin wanke shi da sana. Kalmomi biyu ya kawo, talyin da tamashshi. Na farko shi ne a sassauta wa wanda cikinsa ya ɗaure har ya yi bahaya cikin sauƙi, na biyu kuwa shi ne a sa ciki ya zube gaba ɗaya. Ganye ɗaya ne, abin da ya raba aikin biyu shi ne yawan da aka sha da yadda aka haɗa shi. Kuma ya ce hanyoyi, bai ce hanya ba. Wanda ya zauna ya rarrabe waɗannan, ya ga ganye guda ya cancanci littafi sukutum alhali ga mulki ga yaƙi a gabansa, ya riga ya kama bakin zaren abin da masana magunguna na zamani suke yi, watau tambayar nawa, yaushe, ga wa, kuma a haɗe da me.

Abin da Bello ba shi da kayan aikin ganinsa shi ne abin da yake faruwa da ganyen bayan an haɗiye shi. Wannan fanni ne mai zaman kansa a yau, nazarin yadda jiki yake sarrafa magani ya juya shi ya fitar da shi, kuma wanda ake ɗauka a matsayin ubansa shi ne Farfesa Tecwyn Williams na asibitin St Mary's da ke Landan. A littafinsa na 1947, wanda ya faɗaɗa a 1959, ya nuna cewa yawancin magunguna ba sa fita daga jiki yadda suka shiga. Jiki, musamman hanta, yana fara sauya musu siffa, sa'an nan ya liƙa musu wani abu da zai sa su narke cikin ruwa ƙoda ta iya zubar da su. Wani maganin wannan juyi yana kashe masa ƙarfi, wani kuwa sai an juya shi yake fara aiki. Jami'ar Ibadan ta ba Williams digirin girmamawa a 1974, ya rasu a 1979.

Sana yana cikin kashi na biyu, kuma labarinsa abin mamaki ne. A 1941, shekara 104 bayan rasuwar Bello, Arthur Stoll da abokan aikinsa a kamfanin Sandoz da ke birnin Basel na ƙasar Suwizalan suka tace sinadaran da suke aiki a cikin ganyen, suka sa musu suna senosaid. Kowane ɗaya yana ɗauke da sukari liƙe a jikinsa, kuma wannan sukari kamar kube yake ga wuƙa. Muddin yana nan, sinadarin ba ya yanka. Ruwan tsamin tumbi ba ya cire shi, ƙaramin hanji ba ya cire shi kuma ba ya tsotse shi, haka zai yi ta tafiya har ya isa babban hanji. A can ne ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya, da suke zaune a hanjin kowane ɗan Adam, suke zare kuben, su mai da shi wani sinadari dabam. Shi wannan sabon sinadari shi ne yake zaburar da hanji ya riƙa motsi da sauri, ya kuma sa ruwa da gishiri su kwararo cikinsa maimakon jiki ya tsotse su. Masu bincike a Toyama ta ƙasar Jafan ƙarƙashin Kobashi, da na Leuven ta ƙasar Beljiyam ƙarƙashin Lemli, su suka tabbatar da haka a 1980 da 1981. 'Yan Beljiyam sun gwada da ɓerayen da aka rena ba su da bakteriya ko ɗaya a hanjinsu, sai sinadarin ya wuce yadda ya shiga.

Wannan ya warware abubuwa da dama da tsofaffinmu suka sani ta hanyar gani. Ya bayyana dalilin da ya sa akan sha filasko da dare ya yi aiki da asuba, domin tafiyar daga baki zuwa babban hanji da juyawar sinadarin a can sukan ci awa 8 zuwa 12. Ya kuma bayyana kuskuren mai gaggawa, wanda zai sha kofi ɗaya, bayan awa biyu ya ga shiru ya ce bai kama ba ya ƙara wani, da gari ya waye duka biyun su far masa da murɗar ciki da zawo. Ɗan abin da jiki ya tsotsa kuwa hanta ta sarrafa shi ta hanyar da Williams ya bayyana, ya fita ta fitsari, shi ya sa fitsarin mai sha yakan yi rawaya mai duhu ko ja-ja, abin da yakan tsorata wasu su zaci jini ne.

Ba wai likitancin zamani ya raina ganyen ba. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙwaya ɗaya tana ɗauke da miligiram 7.5 na senosaid. Iyakar da masana suka yarda babban mutum ya sha a yini ita ce kimanin miligiram 30, kuma kada a wuce mako ɗaya ko biyu sai da sanin likita. Busasshen ganye mai kyau kuwa giram 1 kacal yana ɗauke da kimanin miligiram 25. To, mai karatu ya ƙiyasta giram nawa ne a cikin hannun Gwaggo, ya kuma ninka da dare ɗari da ashirin.

Ga abin da ya same ta. Zawon kullum yana fitar da fotashiyam ta hanji, ƙwayar sa fitsari tana fitar da shi ta ƙoda, rijiya ɗaya ana ja da guga biyu. Shi kuwa digoxin, tsakanin adadin da yake warkarwa da wanda yake cutarwa tazara kaɗan ce, kuma idan fotashiyam ya yi ƙasa a jini sai ya kama tsokar zuciya fiye da kima. Amai da ƙin abinci da ganin rawaya duk alamunsa ne da aka sani. Ƙwayar da ta yi shekaru tana sha lafiya ita ce ta koma mata dafi, ba tare da an ƙara mata ko rabi ba.

Da na bi asalin digoxin ɗin sai na tarar shi ma ganye ne. Daga wani tsiro na Turai ake samunsa, kuma wanda ya fito da amfaninsa wani likita ne na Ingila, William Withering, wanda ya ji labarin wani haɗin gargajiya da wata tsohuwa take ba masu kumburi, ya tsamo ganyen da yake aiki a ciki, ya yi shekara goma yana gwada ma'auni a kan marasa lafiya, ya buga littafi a kansa a 1785, lokacin Bello yana ɗan shekara huɗu. Ashe ganye biyu ne suka yi karo a jikin Gwaggo, kowanne da malamin da ya yi masa littafi. Bambancin yana ga abin da ya biyo baya. Littafin Withering ya sami magada da suka yi ta ɗorawa, har aka tace digoxin a 1930, har aka kai yau ana auna yawansa a cikin jinin mara lafiya. Na Bello kuwa an kwafa shi an adana, an girmama mai shi, amma tambayoyin da ya buɗe ba a ɗauke su an kai gaba ba. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, wanda ya bi ƙauyuka yana rubuta sunayen itatuwanmu da amfaninsu shi ne wani likitansu, Dalziel, wanda ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, da filasko a ciki.

Kada in yi rashin adalci, zuriyar Bello ba ta bar ilimi ba. Ɗansa Abubakar Atiku ya zauna a Rabah kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1873, jikan Atiku kuma shi ne Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah, wanda jami'ar da aka buɗe a Zariya a 1962 take ɗauke da sunansa. Wannan jami'a ta yaye masu haɗa magunguna masu yawa da suka yi aiki a asibitocin Arewa, ta Sakkwato ma tana da tsangayar wannan fanni, kuma a duka biyun ana binciken itatuwan gargajiya. Rubuce-rubucen malaman jihadi suna nan a ajiye a Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato da gidan adana takardu na Kaduna. Matsalar ita ce mai karanta rubutun Larabcin yana ɗaki ɗaya, mai kwalaben gwaji yana wani ɗakin, mai sayar da ganye kuwa yana kasuwa da lasifika bai san da zaman ko ɗaya ba.

Na tsaya a kasuwa a Goronyo na saurari ɗaya daga cikin masu lasifikar nan. Sanamakki a bakinsa yana maganin basir da shawara da taifot da ƙiba da sanyin mata, a sha safe da yamma, yaro da babba. Na tambaye shi nawa ake ɗiba, ya ce gwargwadon ƙarfin mutum. A birni kuma an zuba shi cikin kwali mai kyau ana sayar wa matanmu da sunan shayin rage tumbi, alhali ruwa da gishirin jiki yake ragewa, kitsen yana nan inda yake. Ba na zargin mai sayarwa shi kaɗai, don ni kaina da digirina sai da gwaggota ta kusa mutuwa na san akwai ma'auni.

Saboda haka ina da roƙo ga ƙungiya. A cikinmu akwai waɗanda suka karanta Larabci har suka zama alƙalai da limamai, akwai likitoci da masu haɗa magunguna, akwai ma'aikatan gidan rediyo. Ina ba da shawara a taronmu na shekara mai zuwa a ware zama ɗaya, a nemo kwafin Al-Ƙaulus Sana, mai Larabci ya karanta ya fassara, mai ilimin magani ya faɗi inda binciken zamani ya tabbatar da inda ya gyara, a fitar da takarda shafi biyu da Hausar boko da ajami a raba a kasuwannin Wurno da Rabah da Goronyo. Kuɗin bugawa ba zai kai na abincin taro ba, ni kuma na ɗauki nauyin zirga-zirgar neman kwafin.

Da ƙaramar Salla na je gaida Gwaggo, na gaya mata cewa ƙwayar zuciyarta ma daga ganye aka yi ta, na kuma gaya mata cewa Sarkin Musulmi Bello ya yi littafi guda a kan ganyen da ya kwantar da ita. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, “Bellon Wurno? To, ka kawo shi a karanta mani in ji mi yac ce.” Na yi mata alkawari kafin azumi mai zuwa. Duk wanda yake da hanyar samun kwafin, ko yake shirye ya zauna karatun, ya bar saƙo wajen sakataren ƙungiya.